Mai juna biyu da ƙwayoyin kashe zafin ciwo



Nasihar wannan Juma'ar kan iyayenmu mata take, amma mazaje su fi buɗe kunne, domin galibi su ake aika kemis.

Akwai magungunan kashe zafin ciwo masu ƙarfi, dangin kodin da tiramadol (wanda muke ce wa tiramol). A Amurka, wani bincike da aka wallafa a 2014 ya duba mata masu ciki fiye da miliyan ɗaya da ke ƙarƙashin inshorar lafiya ta gwamnati, wato Medicaid, aka samu kusan ɗaya cikin biyar an rubuta mata irin wannan magani ta karɓa. Ku lura, waɗannan ba 'yan shaye-shaye ba ne. Likita ne ya rubuta, inshora ta biya. To ina ga mu, da ake sayen ƙwaya a tire ko a shagon layi ba takarda? Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin, amma kowa ya san bai ɓace ba.

Maganin yana ratsa mahaifa ya kai ga ɗan da ke ciki. Idan uwa ta daɗe tana sha, jikin yaron ma sai ya saba. Bayan haihuwa da kwana ɗaya zuwa uku sai a ga jariri yana tsala kuka ba ƙaƙƙautawa, yana makyarkyata, ba ya kama nono, ba barci. Mu kuma sai mu ce iska ce, a kawo hayaƙi, alhali asibiti yake buƙata.

Malamanmu sun bayyana cewa shan abin da ke gusar da hankali haramun ne, amma maganin da likita ya rubuta saboda lalura hukuncinsa daban. Sai dai cikin nan amana ne, kuma lalura tana da iyaka: a sha gwargwadon da aka rubuta, na kwanakin da aka ce.

Wadda ta riga ta saba, kada ta yanke rana ɗaya don tsoro, yankewar farat ɗaya tana iya taɓa cikin. Ta faɗa wa likita gaskiya ranar awo. Maigida kuma ya raka ta, ban da gori, ban da kai zancen majalisa. Duk mai ciki da za a rubuta wa magani, ko na ciwon haƙori ne, ta fara cewa tana da juna biyu.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, amin.

Sakataren masallaci