Bashin Karatu a Ma'aunin Shari'a

Halaccin cin bashi domin neman ilimi tambaya ce da ke gaban iyaye a Gwandu da Kalgo, maƙwabtan Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013. Makarantar gwamnati, duk sauƙinta, tana cin kuɗin rajista, ɗaki, abinci da mota, kuma tallafi ba kasafai yake ɗauke su duka ba. Asusun NELFUND, bisa dokar 2024, yana ba ɗalibai rance marar ruwa, saboda haka batun riba bai taso ba. Nauyin biya kuwa yana nan, yana farawa shekara biyu bayan hidimar ƙasa, kuma Musulunci ya tsananta kan haƙƙin bashi. Rancen ya halatta ga mabuƙaci mai niyyar biya.