Hayaƙin Wa Ya Fi Alhaki?

Masana kimiyya sun tabbatar da cewa ƙona kwal da man fetur da gas, tare da sare dazuzzuka, suna tara iskar kabon a sararin samaniya, ita kuwa sai ta tsare zafin da ya kamata ya fice daga doron ƙasa, tamkar bargo. Kafin zamanin masana'antu, kashi 280 ne kabon a cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iska. A yau ya zarce 420. Wannan ba abin jayayya ba ne. Abin da ya cancanci nazari shi ne: a wuyan wa alhakin yake?

Mu mutanen Afirka amsarmu a bakinmu take. Kimanin kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya nahiyarmu ke fitarwa, amma ambaliyar 2022 ta ci rayuka sama da 600 a Nijeriya kaɗai. Shi ya sa a taron Sham el-Shek na Masar a wannan shekarar ƙasashe matalauta suka dage har aka amince da kafa asusun tallafa wa waɗanda suka yi asara. Hujjarsu kuwa ita ce ta Bahaushe: kowa ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski.

To, amma mu auna Abuja da wannan mudu. A Maitama da Asokoro janareta kan kwana yana ruri domin sanyaya ɗakunan da wani lokaci ba kowa a cikinsu. A Kuje da Gwagwalada kuwa, bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar naira, tsadar rayuwa ta mayar da mata da dama ga gawayi da itace. Idan aka zo maganar sare dazuzzuka, wannan baiwar Allah ake nuna wa yatsa, alhali ita ce mai shaƙar hayaƙin murhu, ita ce kuma zafin watan Afrilu ke gasawa a ƙarƙashin kwano.

A nan ya kamata mu bambance hayaƙin larura da hayaƙin jin daɗi. Alhaki yana bin zaɓi ne. Wanda ke da hanyoyi goma ya ɗauki mai cutarwa, ba daidai yake da wadda ke tsakanin kunna gawayi da barin 'ya'yanta su kwana da yunwa ba. Ba a cewa itacen da ta ƙona bai yi ɓarna ba. Ana cewa ne kaso mafi tsoka na laifin yana kan wanda ke da ikon sauƙaƙa mata gas ko wutar lantarki, bai yi ba.

A 2021 Nijeriya ta kafa dokar sauyin yanayi, ta kuma yi alkawari a Gilasgo cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shafewa kafin 2060. Madalla. Sai dai gwano ba ya jin warin jikinsa. Adalcin da muke nema a wurin Turai da Amurka, shi ne bashin da talakan Kuje yake bin mu, kuma muddin ba mu biya ba, kukanmu a gaban duniya ba zai yi nauyi ba.