Ina Amfanin Ƙin Zalunci Ga Wanda Ba Shi Da Ƙarfi?

Akwai wani irin ƙagaggen labari da marubutan Turai da Amurka kan yi domin gargaɗi. Sukan sifanta wata ƙasa ta zamani mai zuwa, inda hukuma ta tattara iko duka a hannunta, har ta kai ga bincikar abin da ke cikin zukatan mutane. Sa'an nan su ɗauko talaka guda, ba shi da makami, ba shi da jama'a, su sa shi ya ƙi bi. Abin da muke so mu duba tare da ku, 'yan makaranta, shi ne, shin ƙin nan nasa yana da wani amfani ga jama'a, ko kuwa ya jefa kansa cikin halaka ne a banza?

Mu fara da littafin George Orwell, mutumin Ingila, mai suna 1984, wanda aka buga a 1949. Shi ne kuma ya rubuta labarin nan da aka mayar Hausa da sunan Gandun Dabbobi. A cikin 1984 akwai wani ƙaramin akawu a birnin Landan, ana ce da shi Winston. Aikinsa kullum shi ne sāke tsofaffin jaridu, domin abin da ya faru jiya ya dace da abin da hukuma ke faɗi yau. A bangon ɗakinsa an kafa wani allo mai gani da ji, ba a kashe shi dare da rana. Duk da haka Winston ya sayi littafin rubutu a ɓoye, ya raɓe a wata kusurwa inda allon ba ya hangensa, ya shiga rubuta abin da ya gani da idonsa. Wannan kaɗai kuwa ya isa a kashe shi.

Har nan babu abin zargi gare shi. Amma ƙiyayya ta cika masa ciki. Da wani babban ma'aikaci, O'Brien, ya yaudare shi da cewa shi ma ɗan tawaye ne, ya tambaye shi ko zai yarda ya kashe marasa laifi, ko ya cuci ƙaramin yaro, in dai hakan zai raunana hukuma, sai Winston ya ce ya yarda. Ashe tarko ne. Bayan an kama shi, da ya yi da'awar ya fi masu azabtar da shi hali, sai aka sa masa muryarsa ya ji alkawaran da ya ɗauka da bakinsa. Daga ƙarshe aka tsorata shi da ɓeraye, abin da ya fi tsoro a duniya, ya roƙa a yi wa Julia, matar da yake ƙauna, maimakonsa. Ya fito kurkuku yana son azzalumin da ya karya shi.

Sai mu duba na biyu, watau Fahrenheit 451 na Ray Bradbury, mutumin Amurka, wanda ya fito a 1953. A wannan ƙasa an haramta littattafai, 'yan kwana-kwana kuwa aikinsu ya koma ƙone su. Montag yana ɗaya daga cikinsu, yana ma jin daɗin aikin. Ran nan suka je ƙone wani gida, tsohuwar da ke ciki ta ƙi fita, ta zaɓi ta ƙone tare da littattafanta. Abin nan ya tsaya masa a rai, ya ce lalle akwai wani abu cikin takardun nan. Shi ma bai fita da hannu mai tsabta ba, gama ya kashe shugabansa kafin ya tsere. Amma da ya bi kogi ya fita bayan gari, sai ya tarad da waɗansu mutane a jeji, kowannensu ya haddace littafi ko wani sashe nasa, yana jiran ranar da za a sāke rubutawa. Da yaƙi ya rushe birnin, su ne suka nufe shi da abin da ke kawunansu. Mu da muka saba da hadda tun muna yara mun san wuta ba ta cin abin da ke cikin ka.

To, mene ne ya raba mutanen nan biyu? A ganinmu, Montag ya sami abokai na gaskiya, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Bayan haka, shi da abokansa suna riƙe da wani abu da za su miƙa wa na baya. Winston ya fara da wannan niyya sa'ad da ya ɗauki alƙalami, kāna ya sake ta, ya rungumi rushewa ta kowace hanya. Wanda ya yarda ya yaƙi azzalumi da halin azzalumi, ko ya ci nasara, sabon azzalumi kurum ya kawo wa jama'a.

Amma kada mu yi saurin yi wa Winston dariya. Ba wanda ya san iyakar jimirinsa sai an gwada shi, yawancinmu kuwa da ba mu ko sayi littafin rubutun ba. Kuma faɗuwarsa ba ta tafi a banza ba. Orwell ya rubuta labarin yana fama da tarin fuka, ya rasu a watan Janairu na 1950. A Tarayyar Sobiyat an hana littafin shekaru masu yawa, mutane suka riƙa kwafarsa a ɓoye suna miƙa wa juna. Mulkin nan ya wargaje a 1991, littafin kuwa har yau ana karanta shi.

Saboda haka amsarmu ita ce, ƙin zalunci yana da amfani ko ga marar ƙarfi, muddin gaskiya yake tsarewa, kuma bai sayar da halinsa na kirki garin tsare ta ba. Ku da kuka iya karatu da rubutu, gobe ku ne akawuna da malamai da alƙalai. Wata rana wani na sama da ku zai miƙo takarda ya ce ku sāke lissafi, ko ku shafe suna, ko ku rubuta abin da bai faru ba. Ran nan kujerar Winston kuke kai. Allah ya ba mu ikon riƙe alƙalami bisa gaskiya, amin.