Amanar Ƙasa: Gubar Da Ke Hawa Daga Fara Zuwa Shaho

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci kome bisa ma'auni, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW).

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, Allah Ya yi mana ni'imar noman rani, daga fadamun Birnin Ƙonni da albasar Galmi a Malbaza har zuwa garaken Illela. To amma maganin ƙwarin da muke fesawa ba a ganye yake tsayawa ba. Fara ta ci ganyen, ƙadangare ya ci farar, shaho ya ci ƙadangaren. Wasu magungunan ba su saurin ruɓewa, sai su taru a kitsen jiki, wanda ke ƙarshen layin ci shi ke kwasar kaso mafi yawa.

Saboda haka ne masana ke auna jini da gashi da ƙwan tsuntsaye mafarauta, su kuma auna abincinsu. Ta haka aka gane a Amurka cewa maganin DDT na sa ɓawon ƙwan mikiya ya yi rauni har ya fashe, aka hana fesa shi a gonaki a 1972. A Indiya, maganin diclofenac da ake yi wa shanu ya kusa ƙarar da ungulaye masu cin mushensu, sai a 2006 aka hana ba dabbobi shi. Ungulun mahautanmu kuwa, a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Aya ta 41 ta Suratur Rum ta gargaɗe mu game da ɓarnar da hannayen mutane ke jawowa a tudu da ruwa. Mu tuna, mu ma muna cin kifi da fara.

Don haka muna kira: kada mu sayi magani marar takardar bayani. Kada mu wanke famfon feshi a magudanar ruwa. Kada mu sayar da farar da aka yi wa feshi, kada mu zuba wa mushe guba. In muka ga gawar shirwa ko mujiya bayan feshi, mu sanar da malaman gona ko ma'aikatan gandun daji, domin shaida ce, ɓoye ta kuwa cin amana ne.

Allah Ya sa mu dace, amin. Wassalamu alaikum.