Wa Zai Duba Mai Jinya?

A unguwarmu akwai wata baiwar Allah da ta shekara shida tana jinyar uwar mijinta. Ba ciwon ƙafa ko na ciki ke damun tsohuwar ba, gigin tsufa ne. Takan ci tuwo ta wanke hannu, jim kaɗan ta ce tun jiya ba a ba ta komai ba. Da la'asar sakaliya sai ta ƙulle kayanta a ɗankwali ta nufi zaure, wai za ta gida wajen innarta, wadda ta daɗe da rasuwa. 'Ya'yanta bakwai suna raye. Ran Juma'a sukan zo da ledar lemo, su ce wa matar ɗan'uwansu, "Sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada," su kama gabansu.

Tambayar da ta dame ni ita ce, shin wannan addu'a ta sauke musu nauyin da ke wuyansu?

Da farko ya kamata mu san cewa gigin tsufa cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba maita ba ce, ba kuma sammu ba. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da wannan larura, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na sa'o'in jinyarsu mata ne ke yi. Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da ita ba. Ke nan jinya ce ta shekaru, wadda kullum nauyinta ƙaruwa yake yi.

Abin da ya fi ciwo kuwa, mai wannan jinya ba ta samun ko godiyar majinyaci. Wadda take yi wa wanka, take wanke wa shimfiɗa, ita ce za ta ce ta sace mata kuɗi ko ta hana ta abinci. Dangin da ba su taɓa kwana ɗaya a ɗakin ba sai su ɗauka gaskiya ne, a shiga ƙananan maganganu. Ga rashin barci, ga barin sana'a, ga zargi a kai.

Wani zai ce, ai lada take tarawa, kuma mahaƙurci mawadaci. Haka ne. To, amma in har mun yarda ladan yana da yawa, me ya hana mu rige-rigen samun rabonmu? Suratul Isra'i, aya ta 23, da ta yi umarni da kyautata wa iyaye in sun tsufa, da 'ya'ya take magana, ba ta ware wanda tsohuwa ke zaune a gidansa ba, balle matarsa. Lada tsakanin mai jinya ne da Ubangijinta. Haƙƙinta kuwa yana kanmu, kuma yabon baki ba ya biyan bashi.

Taimakon da take bukata ba boyayye ba ne. A raba kwana tsakanin 'ya'ya, ko da dare biyu ne a mako, ta samu ta runtsa. A yanka kuɗin magani da sabulu a kan kowa duk wata, ba sai ta roƙa ba. A kai tsohuwa asibiti likita ya duba ta. In an ji ƙorafi daga bakin majinyaciya, a bincika kafin a yanke hukunci. In kuma mai jinya ta ce ta gaji, kada a ce ta yi saɓo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu kuma marubuta, mun cika littattafanmu da muguwar suruka da azzalumar uwar miji. Wannan mata da ke zaune bakin ƙofa tsakar dare don kada tsohuwa ta fice, ita ma tana da labari, kuma ya cancanci a rubuta shi. Allah ya ba mu tsufa mai albarka, ya kuma ba mu ikon sauke haƙƙin masu jinyarmu.