Jerin Gwanayen Shekara da Hisabin Mai Kallo

Al'ada ce da ta kafu a kafafen yaɗa labarai cewa idan watan Disamba ya kama, sai a waiwayi shekarar da ke shirin ƙarewa a jera abubuwan da suka fi burge jama'a a cikinta, wato fim ɗin da aka fi kallo, da waƙar da ta fi tashe, da wasan ƙwallon da aka daɗe ana muhawara a kansa, da gwarzon da ya yi wa tsara fintinkau. Kamfanonin intanet sun ƙara wa al'adar ƙarfi, domin Spotify, alal misali, kan aika wa kowane mai saurare bayanin mintunan da ya kwashe yana jin waƙa da sunan mawaƙin da ya fi maimaitawa, ta yadda waiwayen ya tashi daga na al'umma ya koma na mutum shi kaɗai. Abin tambaya shi ne ko irin wannan lissafi yana da wani nauyi a mizanin addini da na hankali, ko kuwa ɓata lokaci ne wajen ƙirga lokacin da aka riga aka ɓata.

Malaman Musulunci sun tattauna nishaɗi a ƙarƙashin babin lahwu, wato duk abin da ke ɗauke hankalin mutum daga abin da ya fi shi muhimmanci. Alƙur'ani ya siffanta rayuwar duniya da wasa da shagala a wurare da dama, kuma ƙarshen Suratul Jumu'a ya zargi waɗanda suka watse zuwa ga fatauci da shagala suka bar Annabi (SAW) a tsaye yana huɗuba. Amma kuma ya inganta cewa Nana A'isha ta kalli Habashawa suna wasa da māsu a cikin masallaci, Annabi na kāre ta da mayafinsa har sai da ita da kanta ta gaji. Idan aka haɗa nassosin biyu, za a ga cewa zargin ya faɗa ne a kan abin da wasan ya ture daga mazauninsa, shi ya sa malaman fiƙihu suka ajiye mafi yawan wasanni a rukunin mubahi, wato abin da aikata shi da barin sa suke daidai, sai dai in niyya ko wani abu da ya raka shi ya sauya masa hukunci. Saɓaninsu a kan kiɗa sananne ne, kuma Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware masa littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin, inda ya rataya hukuncin a kan halin mai saurare da abin da sautin ke motsawa a zuciyarsa.

Masana falsafa sun zo kusa da wannan matsaya ta wata hanyar. Aristotle na ganin wasa hutu ne da mutum ke buƙata don ya koma bakin aiki, saboda haka bai cancanci zama manufar rayuwa ba. Blaise Pascal, Bafaranshen da ya rasu a 1662, ya fi shi tsanani, domin a ganinsa mutane na rungumar farauta da caca da hayaniya ne don kada su zauna shiru su tuna da mutuwa.

Akwai kuma wani nau'in waiwaye da malaman tasawwufi ke kira muhasaba, wato mutum ya yi wa kansa hisabi kafin a yi masa. Haris al-Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a 857, da wannan aiki ya yi suna, Gazali kuma ya kwatanta shi da ɗan kasuwar da ke zama da abokin cinikinsa a ƙarshen wa'adi su duba uwar kuɗi, su ware riba daga hasara, uwar kuɗin nan kuwa ita ce sa'o'in rayuwa. Jerin gwanayen shekara da muhasaba duka suna duban baya, duka kuma suna ƙirga, sai dai kowanne da abin da yake ɗora wa sikeli. Jerin yana auna fim da ɗan wasa da mawaƙi, mai kallo kuwa ya zauna a kujerar alƙali babu mai tambayarsa komai, alhali muhasaba mai kallon take aunawa.

Shekarar 2024 ta bayar da misalin da ya fito da wannan bambanci fili. A daren 11 ga Fabrairu aka buga wasan ƙarshe na Gasar Cin Kofin Nahiyar Afirka a Abidjan, inda William Troost-Ekong ya fara ci wa Najeriya da ka kafin a tafi hutun rabin lokaci, Franck Kessié ya farke wa masu masaukin baƙi, sannan Sébastien Haller, wanda ya yi jinyar cutar daji a 2022, ya ci ta biyun da ta ba su kofi. Wanda ya san gidan kallon ƙwallo ya san yadda irin wannan dare ke kasancewa: bencina a jere ƙarƙashin rumfar kwano, allo a bakin ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli, janareta na ruri a baya, ɗan acaɓa da malamin makaranta da ɗan tireda sun matsu a benci ɗaya suna miƙewa tare duk lokacin da ƙwallo ta doshi raga. Wannan haɗuwa alheri ce da bai kamata mai wa'azi ya raina ba, domin ba kullum ake samun abin da ke zaunar da waɗannan mutane kafaɗa da kafaɗa ba. Amma bayan an tashi wasan, zagin da aka yi wa ɗan wasan Najeriya Alex Iwobi a kafafen sada zumunta ya kai shi ga goge hotunan shafinsa na Instagram, har sai da kyaftin Ahmed Musa ya fito ya roƙi jama'a su daina. Jerin ƙarshen shekara zai rubuta cewa Najeriya ta zo ta biyu kuma Ademola Lookman ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, ba zai tambayi kowa abin da harshensa ko yatsunsa suka aikata a wancan dare ba, balle sallar da ta kuɓuce ko kuɗin cefanen da aka kai shagon caca.

Duk da haka, kuskure ne a yi watsi da jerin, domin yana ɗauke da shaidar da mai muhasaba ke buƙata. Aikin ofis da na gona tilas ce ke sa mutum yin su, ibadar da ake yi a bainar jama'a kuma riya kan iya shiga cikinta, wato yin abu don idon mutane, amma abin da mutum ya zaɓa ya kalla da dare shi kaɗai da wayarsa babu wanda ya tilasta masa. Wanda ya gano cewa bai taɓa bari wani kashi na Labarina ko Izzar So ya wuce shi ba, alhali ziyarar ƙanwar mahaifinsa ta gagare shi shekara guda, ya sami labarin kansa da wuya ya samu a wani wuri. Hujjar rashin lokaci ta faɗi a nan, ko da kuwa fim ɗin mai koyar da tarbiyya ne.

Akwai abin da jerin ba ya iya kamawa ko da an so, wato abin da ya kamata ya faru bai faru ba. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun gado na bil'adama, a shekarar da 'yan sanda suka hana hawan Babbar Sallah saboda rikicin sarautar da ya biyo bayan mayar da Muhammadu Sanusi II kan karaga a watan Mayu. Mai harhaɗa jerin zai sa karramawar a sahun nasarori, kuma ya yi daidai. Badukun da ke ɗinkin kayan doki, da maroƙa da makaɗan da ke jiran Hawan Daushe, da yaran da ke sayar da ruwa da zoɓo a Ƙofar Kudu, su kuwa lissafin tasu shekarar ya nuna giɓin kwanakin da suka saba samun abin da zai kai su watanni, wanda ke tabbatar da cewa abin da wani ke kira shagala sana'ar halal ce ta wani, kuma hana ta ma yana da nasa hisabin a kan waɗanda suka jawo hanin.