Wa Ta Fi Daraja: Mai Lissafi Ko Mai Labari?

A ƙarshen kakar 2023 ta gasar ƙwallon kwando ta mata a Amurka, wato WNBA, 'yan jarida 60 suka kaɗa ƙuri'ar zaɓen 'yar wasa mafi daraja. Kowannensu yana jera sunaye biyar: ta farko maki 10, ta biyu 7, ta uku 5, ta huɗu 3, ta biyar 1. Da aka tattara, Breanna Stewart ta New York Liberty ta samu 446, Alyssa Thomas ta Connecticut Sun 439, A'ja Wilson ta Las Vegas Aces 433. Abin mamakin, mutum 23 ne suka sa Thomas a gaba, alhali 20 suka sa Stewart. Wadda ta fi yawan masu cewa ita ce ta ɗaya, ba ita ta ɗauki kambun ba.

Mukan ɗauka cewa alƙaluma ne alƙalin da ba ya son kai. To amma a nan kowacce tana da nata. Stewart ta ci maki 40 ko fiye a wasanni huɗu. Wilson ta ci 53 a wasa guda, ƙungiyarta kuma ta yi nasara 34 cikin wasanni 40. Thomas ba ta kai su cin maki ba, amma sau shida tana haɗa goma ko fiye a fanni uku cikin wasa ɗaya: cin maki, cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando, da miƙa wa abokiyar wasa ta jefa. Lissafin bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗa mana wanne za mu fifita ba.

A wannan giɓin labari yake shigowa. Stewart baƙuwa ce da ta zo New York ta tayar da ƙungiyar da rabonta da wasan ƙarshe tun 2002. Thomas kuwa jaruma ce mai wasa da rauni a kafaɗu biyu, wadda ta riƙe ƙungiyarta bayan Brionna Jones ta ji ciwon da ya raba ta da sauran kakar. Wilson fa? Ita ce ta ci kambun a 2022, tana kuma tsakiyar taurari, don haka bajintarta ta zama abin da ido ya saba gani. Mu mutane, abin da muka saba da shi mukan daina gode masa.

Shin laifi ne a saurari labari? A ganinmu a'a. Kalmar "daraja" tambaya ce game da nauyin da mutum ya ɗauka da kuma halin da ya ɗauke shi, kuma wannan ba ya shiga takardar ƙididdiga duka. Haɗarin shi ne mai zaɓe ya fara kamuwa da labarin, sannan ya koma ya tsinto lambobin da za su mara masa baya. A lokacin lissafi ya zama ɗan aike, son zuciya ne mai gida.

Makonni kaɗan bayan zaɓen, Aces ta doke Liberty a wasan ƙarshe, aka ba Wilson kyautar gwarzuwar wannan zagaye. A 2024 ta zama ta farko da ta haura maki 1,000 a kaka guda, masu zaɓe 67 kuma duk suka sa ta a gaba, abin da ba a gani ba tun Cynthia Cooper a 1997. Wannan ba ya nufin an zalunce ta a 2023, domin an rufe waccan ƙuri'a kafin a shiga zagayen neman kofi. Abin da ya nuna shi ne sai da lambobinta suka rufe bakin kowa aka daina gardama.

Mu ma kullum muna irin wannan zaɓe: wa za a yi wa ƙarin girma a wurin aiki, wane ɗa za a yaba a gida. Adalcin da ke hannunmu shi ne mu faɗi mudun da za mu auna da shi tun kafin mu ga sunaye, sannan mu auna wa kowa da shi, har da wadda ta daɗe tana ƙoƙari muka daina lura da ita.